Huda Biyu a Idon Sawu

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Ya aikin kanti? Mu nan lafiya lau. Direban motar kaya zan ba wannan wasiƙa ya kawo miki, don kin san halina, in na riƙe wayar Umma tana tsaye a kaina ko gaisuwa ba ta fita daidai.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma in ban faɗa ba kafin ranar aikin nan, ji nake zai shaƙe ni. Yaya, tun da aka ce za a yi wa ƙafata tiyata ban taɓa roƙon Allah abin ya zo da sauƙi ba. Roƙona a yanka ni sosai. A tsaga daga idon sawu har ƙauri, a yi ɗinki rututu, ya bar tabon da duk wanda ya gani sai ya kau da kai. Na san ba kyau. Ina gama addu'ar sai in yi istigfari, gobe kuma in sake.

Kin tuna ranar da na gurɗe a matakalar shago ina ɗauke da bandir ɗin yadi? Lokacin kina gida, ke kika ɗaure min da ƙyalle. Tun ranar ciwon bai tafi ba. In na ɗan jima ina taka keken ɗinki sai in ji kamar akwai tsakuwa a cikin gaɓar, wani lokaci ta ƙage, sai na girgiza ƙafar kafin ta saki. Amma ba jini, ba kumburin kirki, wa zai yarda? Umma cewa take, "Ciwon nan naki mai hankali ne, bai taɓa hana ki juya shafin littafi ba." Har takan kai in na ga tana kallona sai in ƙara ɗingishin kaɗan. Ba ƙarya nake ba, ciwon yana nan, so nake kawai a gani.

A littattafan da kike ce wa shirme, yarinyar da ba wanda ya damu da ita takan yanke jiki ta faɗi, a kwashe ta sai asibiti, ta farka ta tarar da wanda ya fi kowa yi mata tsawa zaune a bakin gado ya riƙe hannunta, idonsa ya yi ja. Kada ki yi min wata fassara, ba saurayi nake jira ba. To, in ya zo ba zan kore shi ba. Amma in na rufe ido, wadda nake gani a bakin gadon Umma ce.

Likitan ma na gama zana shi a raina, dogo mai tabarau, mai magana a hankali. Sai na tarar da wata gajeriyar mata mai shaƙaƙƙiyar murya, tana tafiya kamar mota za ta bar ta. Ta duba hoton ƙafar ta ce guringuntsin da ke cikin gaɓar ne ya farfashe, ɓarɓashin yana yawo a ciki. Ta ce ba za ta tsaga ba. Huda biyu za ta yi ƙanana, ta ɗaya ta zura kyamara siririya kamar biro, ta ɗayar kuma ta zura abin da zai kankare lalataccen wurin ya zuƙe shi. Umma ta ce alhamdu lillahi. Ni kuwa sai na ji kamar an karɓe min abu a hannu.

Don Allah in kin karanta ki yaga. Ki gaida maigida. Ki sa ni a addu'a, irin ta masu hankali.

Ƙanwarki.

*

Wa'alaikumus salam Gimbiya,

Muna lafiya, shi ma yana gaishe ki. Na karanta takardarki a bayan kanta, na yi dariya har mai kantin ya leƙo yana tambaya ko ciniki aka yi.

Ke dai ba za ki warke ba, kuma ba ƙafar nake nufi ba. Mutane na roƙon Allah ya raba su da wuƙar likita, ke kina roƙon a ƙara wasa ta. Ni da nake yini a durƙushe gaban ƙafafun mutane ina gwada musu takalma, ban taɓa ganin ƙafar da aka so saboda tabo ba. Masu tabon ma safa suke tambaya.

Kuma wai Umma ce za ta riƙe hannunki. Wace Umman? In kin ga ta riƙe hannunki to awo take ɗauka, hannun riga za ta yanka miki.

Ki je a yi hudar, ki sha magani, ki tashi. Ki rage karance-karancen nan, sun mayar da kanki kwandon ƙyallaye. Allah ya sa a yi a sa'a. Kin ga na yi miki irin ta masu hankalin.

Yayarki.

*

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kin tashi lafiya, ya gajiyar kanti? An yi aikin, mun gode Allah. Ina kwance a ɗakinmu, ƙafar a kan matashi, a bayan faranti nake rubutun, shi ya sa ya karkace.

Ba su sa ni barci ba. Allura aka yi min a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya zama kamar jikin wata. Akwai allo irin na talabijin kusa da kaina, likita ta ce in ina da zuciya in kalla. Yaya, na ga cikin ƙafata. Fari ne fat kamar cikin kofin tangaran, ruwa na gudana, ga wasu zaruruwa suna lilo kamar bakin yadin da ba a kalmashe ba. Sai wani ɗan ƙarfe ya shigo yana cinye su. Can likita ta kamo wani guntu kamar maɓallin rigar jariri ta ce, "Ga tsakuwarki, 'yammata." Hawaye ya gangaro min har cikin kunne. Ba zafi na ji ba. Ashe da gaske akwai ta.

Inda guntun ya ɓalle ya bar rami, sai ta yi wa ƙashin 'yan huje-huje a wurin don jini ya tsattsafo ya cike, wai shi ne zai daskare ya rufe ramin. Da aka fito da ni ta tsare Umma a bakin ƙofa ta ce, "Mama, abin da ke ciki yanzu kamar ɗanyen siminti ne. Kada ta taka ƙafar nan, kada ta murza ta, har wata guda da rabi. In ya kwaɓe, gyara na biyu ba zai yi daɗin ji ba." Umma ta gyaɗa kai ta ce in Allah ya yarda.

Kin ce ba za ta riƙe hannuna ba. To ba ta riƙe ba, amma ta ɗora tafinta a goshina. An naɗe ƙafar da bandeji har ta yi kamar jariri a zani, aka ba ni sanduna biyu na dogarawa. Kwanakin farko Umma da kanta take kawo min shayi, tana hura shi. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai ta ce ya yi haƙuri, an yi wa 'yarta babbar tiyata. 'Yarta, Yaya. Ina ji daga ɗaki, in rufe fuska da matashi ina murmushi kamar wata sakara.

Sai aka koma asibiti aka cire bandejin, aka manna filasta. Da yamma Gwaggo ta zo dubiya, mai yi mana guga ta shigo daga shago, ga matar maƙwabcinmu. Gwaggo ta ce, "A buɗe mana mu ga aikin, kada a ce mun zo ba mu ga komai ba." Na ce likita ta hana, amma kin san muryata, ni kaɗai na ji. Umma ta ɗaga filastar.

Huda biyu ne, kowace da ɗinki ɗaya. Gwaggo ta laluba jaka ta ciro tabarau ta sa, ta sunkuya ta ce, "Ina ne?"

Mai guga ta ce, "Wallahi ƙurjin da ke ƙeyata ya fi wannan cika ido."

Gwaggo ta ce, "Wato na rufe gidana, na hau mota biyu, na sayo lemo, don in duba cizon sauro? Ke 'yar nan, ba ni lemona."

Suka yi ta dariya har matar maƙwabci na share hawaye da mayafi. Umma ma ta yi, amma tata ba ta daɗe ba. Na ga lokacin da ta tsaya. Ta kalli hudar, ta kalle ni, irin kallon da take wa mai yadi in ta gano ya rage mata awo. Bayan sun tafi ta ce, "Kin sa na cika gari da babbar tiyata." Na so in ce mata a ciki aikin yake, na gani da idona, amma bakina ya ƙi. Tun ranar mai guga ke miƙo min shayi, in ta tuna.

Yaushe za ki zo? Ko na yini ɗaya. Ki gaida maigida, Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki.

*

Salam Gimbiya,

Barka da arziki. Labarin cizon sauro ya riga wasiƙarki zuwa, Gwaggo ta kira ni ta ba ni shi har da muryoyi.

Yanzu ki ajiye littafi ki saurare ni. Umma ta kira jiya. Ta karɓi ɗinkin kayan makaranta guda cur, riguna da wanduna da siket, kuma shugabar makarantar ta ce kafin yara su dawo hutu take so. Keken lantarki ɗaya ne, wuta kuwa kin san halinta. Na ƙafa yana can an lulluɓe shi da zani tun da kika kwanta. Sai ta ce in nemi izini a kanti in zo in taka mata. Ni. Mai kantinmu in kika yi kwana biyu ba kya nan, ki dawo ki tarar da ƙanwar matarsa a kujerarki. Kuma ban bar shagon nan don in koma ba, ko da na yini ɗayan da kike roƙo.

Likitoci haka suke, in ciwo na sati ne sai su ce wata, don kada a ga laifinsu. Ɗinki biyu fa, Gimbiya. Maɓalli ma ya fi haka shan zare. Ki tashi ki hau keken nan a hankali, ba wanda ya ce ki yi tsere. Kin sha shayinki, an taɓa goshinki, littafi ya ƙare, sai a rufe.

Ki faɗa wa Umma da bakinki kin ji sauƙi. Kada ki bari ta sake kirana a kan maganar nan, don in aka matsa min, ni ma na san inda zan matsa.

Ki gaida Baba. Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarki.

*

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kina lafiya. Na daɗe ina kallon farar takarda ban san da me zan fara ba, har direba ya zo ya tafi ban ba shi komai ba.

Na yi ƙoƙarin abin da kika ce ta wata hanya. Na roƙi Umma a kawo min kayan ɗinkin cikin ɗaki in riƙa sa maɓalli da kalmasa da hannu, ƙafata a miƙe. Ta yarda, na yi ta yi har yatsuna suka huje. Ban ce mata na ji sauƙi ba, don ban ji ba, kuma likita ba zancen jin sauƙi ta yi ba.

Ranar Laraba Umma ta aiko mai guga ta ce in fito shago. Na dogara sandunana na fita. Akwai mata biyu a kan benci suna jiran ɗinkinsu, Baba kuma ya shigo neman makullin babur. Umma na tsaye a teburin yanka da takarda a hannu. Tun daga bakin ƙofa na gane wasiƙar da na fara rubuto miki ce, don na san yadda nake ninke takarda.

Ta karanta a gabansu, Yaya, tana ƙanƙantar da murya wai tawa take kwaikwaya. Da ta zo wurin saurayi, mai guga ta kife don dariya har ta kusa ƙona siket. Da ta zo wurin bakin gado sai ta yi sauri ta wuce, a nan ba ta kwaikwayi kowa ba. Amma wurin ɗingishi ta dawo ta maimaita. "In na ga tana kallona sai in ƙara ɗingishin kaɗan." A nan ta ninke. Abin da ya biyo baya ba ta karanta ba.

Ta ce, "Wato ni kika mayar 'yar kallo. Na yi ta zirga-zirgar asibiti, na yi ta ba mutane haƙuri, ashe wasan kwaikwayo ake min a cikin gidana."

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Yaran yanzu ai sai addu'a." Baba ya sami makullinsa ya ce, "Ku dai ku bi a hankali," ya fita.

Umma ta zare sandunan daga hammatata. Ta gitta ɗaya a kan ƙusoshin nan biyu na bango, yanzu a kanta ake rataye rigunan da aka goge. Ta yaye zanin keke ta ce, "Bismillah."

Na gwada da ƙafar hagu kaɗai. Kin san keken nan, in ba a ba shi ƙafa biyu ba sai ya koma da baya ya tsinke zare. Ya tsinke, na zura, ya sake tsinkewa. Umma ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Biyu Allah ya ba ki." Sai na ɗora.

Ba zan ba ki labarin zafin ba, kin ce ɗinki biyu ne. Abin da ya fi damuna, ina jin wurin, daidai inda ta ce ɗanyen siminti, yana wani motsi a ciki kamar ana taka laka. Da yamma idon sawun ya ɓace gaba ɗaya cikin kumburi. Mai guga ta gani ta ce, "Au, har hura shi ta iya?"

Littattafaina Umma ta zuba a buhun ƙyallaye ta ɗaure ta jefa saman kabad. Wannan bai dame ni sosai ba, na haddace su.

Tambaya ɗaya gare ni. Na ce ki yaga. Ko faɗuwa ta yi a motar direba wani ya tsinta? Ko maigidanki ne ya gani ya aiko ba da saninki ba? Ki ce min haka ne, zan yarda.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki.

*

Salam Gimbiya,

Muna lafiya. Ba ta faɗi a mota ba, maigida kuma bai san da ita ba. Ni na sa ta a ambulan, na rubuta Umma a baya da hannuna. Na gaya miki kada a sake kirana, aka sake.

Ban ƙara ko harafi ba, abin da kika rubuta shi aka karanta. In maganarki ta ba ki kunya a bakin wani, sai ki tuhumi mai maganar.

Kina ƙarama, ba za ki tuna ba. Ban kai shekarunki ba allurar keken nan ta shiga ta farcena ta fito ta ƙasa, ta karye a ciki. Umma ta ɗauko filaya ta zare, ta ɗaure min da ƙyalle, ta ce in ƙarasa wuyan rigar kuma kada jini ya taɓa yadin mutane. Na ƙarasa. Ba wanda ya hura min shayi, ba wanda ya ce wa masu ɗinki su yi haƙuri saboda 'yata. Har yau a karkace farcen yake fitowa, ke da kanki kin sha yi min dariyarsa. Ke aka kai asibiti mai talabijin, aka ɗora miki hannu a goshi, kuma har kina da bakin tambayata.

Ba za ki mutu ba. A gidan nan ba a mutuwa, ƙarasa aiki ake.

Na ji kuna da komawa asibiti. Ki kama bakinki. Kada ki je ki zubar wa Umma mutunci gaban wata gajeriyar mata da ba ta san yadda ake riƙe gidanmu ba. Likita ganin ɗan lokaci za ki yi mata, Umma kuwa da ita za ki koma.

Ki gaida mutanen gida.

Yayarki.

*

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kuna lafiya. Na gode da kika faɗa min gaskiya. Ban san zancen farcenki ba, kuma da gaske na yi miki dariya, ki yafe min. Na so haushinki da nake ji ya ragu saboda shi, bai ragu ba. Ban san yadda ake yi ba.

Mun je asibiti. Da safe Umma ta sauke rigunan daga sandar, ta goge ta da tsumma, ta haɗa da 'yar'uwarta ta miƙo min. A ƙofar ɗakin likita ita ta riƙe min jaka, har tana cewa, "A hankali, 'yar nan."

Likita ta ga ƙafar ta daina sauri. Ta danna da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ɗan juya ta, na cije leɓe. Ta ce, "Kin taka." Ba tambaya take ba. Sannan ta ce, "'Yammata, ina kika je da ita?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai Umma ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Likita, gara da kika gani da idonki. Na yi faɗan har na gaji. Ina juya baya za ta jefar da sandunan, sai gidan ƙawaye."

Ni, gidan ƙawaye. Ke kin san ko ɗaya ba ni da ita.

Likita ta juyo kaina. Ba ta ɗaga murya ba, gara ma a ce ta ɗaga. Ta ce ta ɓata safiya guda tana tsince min gaɓa, ga masu jiran layi da suka fi ni buƙata, in ni na ɗauki ƙafata abin wasa ita ba ta ɗauki aikinta haka ba. Ta ce, "Ki ji tausayin uwarki mana, dubi yadda take wahala da ke." Umma ta sunkuyar da kai. Likita ta ce mu dawo bayan sati biyu ta ga ko akwai sauran abin ceto. In na ci gaba, ƙarshenta sai an haɗe ƙasusuwan da ƙusa, ƙafar ta daina lanƙwasawa har abada.

A hanya Umma ta tsaya ta saya min lemo mai sanyi. Ban san me yake nufi ba. Na sha. Muna isa ta karɓi sandunan ta mayar da riguna. Saura siket na 'yan babban aji da wanduna tuli, bayan su kuma ta karɓi labulayen wani ofis.

Ba sai kin amsa wannan ba. Ki gaida maigida. Allah ya bar ki a kujerarki.

Ƙanwarki.

*

Zuwa ga Likita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kin tashi lafiya, Allah ya saka da alheri a kan aikin da kika yi min. Ni ce yarinyar da kika tsince wa idon sawun dama, wadda kika yi wa faɗa. Ki yi haƙuri da rubutu, in ana kallona magana ba ta fita.

Ban je gidan ƙawaye ba. Shagon ɗinki gare mu, ni ke taka keken ƙafa. Tun hudar ba ta gama bushewa ba nake takawa, daga safe zuwa yamma, da ƙafa biyu, har jiya. Sandunan ranar asibiti kawai ake ba ni. Umma ba muguwa ba ce, aiki ne ya yi mata yawa, kuma ta ga hudar ƙanana ne. Wannan layin na rubuta na goge na sake rubutawa, ban sani ba ko gaskiya ne. Sauran duk gaskiya ne.

Ban san abin da za ki iya yi ba. Na san da wa zan koma gida, an riga an tuna min. Amma ƙafar tawa ce, kuma ina so ta riƙa lanƙwasawa.

Na gode, Allah ya ƙara miki lafiya da ɗaukaka.

Na yi tunanin in ba ma'aikaciyar jinya a ɓoye, ko in bar ta a aljihu mu je mu dawo shiru kamar wancan karon. Na fasa. In an kira mu kika ce yaya ƙafar, ba zan kalli Umma ba, zan miƙo miki wannan tana zaune. Don Allah ki karɓa kafin ta riga ki.

Mai idon sawun dama.